Taswirar da ta kai rijiyarmu Gangare

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar wata Laraba, a zauren gidan Gwaggo da ke cikin birnin Katsina, a nan abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin ni na ɗaga kai na dubi agogon bango, na rubuta shi a saman takarda ta gefen dama, na ja masa layi da rula. Haka aka koya mana a makarantar horon malamai mata, ni kuwa a wancan zamanin duk abin da aka koya mini ba na rage masa ko ɗigo.

Abin da ya tono mini wannan tsohon labari, biki muka je ƙauyenmu watannin baya. 'Yata ce ta yi hayar mota, direban kuma bai taɓa zuwa yankin ba. Na gyara zama zan fara yi masa kwatance, sai ya ce, "Hajiya, ki huta kawai." Ya danna wayarsa ya jingina ta a gabansa. Wata mata ta yi ta magana daga ciki da Turanci, bi dama, bi hagu, har ta sauke mu a gindin dutsenmu, ba ta ɓata ko sau ɗaya ba. 'Yan cikin motar suna ta yaba mata. Na ce a raina, da Kaka yana da rai, da sai ya nemi a kai shi gidan matar nan ya ji daga bakinta wanda ya gaya mata hanya.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ku yi mini uzuri, abin a jini yake. Iyakar abin da zan ce, yana can kudu maso yammacin Katsina, inda ƙasa ke daina shimfiɗuwa ta fara tara duwatsu. In ka baro kasuwar da motoci ke tsayawa za ka hango su a jere, baƙaƙe masu santsi, kamar an kifa manyan tukwane an manta da su. A kan ɗaya daga ciki muke, a wani lungu da dutsen ya lotsa ya tara ƙasa. Gidajen ba su kai ashirin ba, kowanne ya jingina da wani dutse ya mai da shi bangon ɗaki. Ƙofar garin wata tsaga ce tsakanin duwatsu biyu. Jaki ba ya wucewa da mangala sai an sauke masa, mace mai jiki kuwa sai ta karkata, har ana cewa shi ya sa duk matan da ake auro mana sirara ne. Rumbuna a kan falalen dutse suke, ba ruwansu da gara. A can ake shanya barkono da kuɓewa, a can ake sussuka, birai na zaune daga sama suna kallo kamar su suka yi noman.

Abin da kunnena ya fi riƙewa shi ne daka. In mace ɗaya ta sa taɓarya a turmi da safe, dutsen da ke fuskantar namu sai ya mayar mata, ka rantse mata biyu ne ke lugude. Haka kiran salla, haka kukan jaki, haka in Inna ta ƙwala wa wani kira. Baƙon da ya tsaya a ƙasa ya ce zai bi sauti, wancan dutsen zai hau, ya iske ba kowa sai rema na shan hantsi. Da muka je bikin nan na kasa kunne, ban ji turmi ko ɗaya ba. An kai injin niƙa, shi ke ta ƙara, dutsen na mayar masa. Samarin da za su yi sussuka kuwa rabinsu suna nan Katsina suna acaba, wani ma ya taɓa ɗauko ni daga Babbar Kasuwa, sai da ya sauke ni muka gane ɗan ƙanena ne.

Komai akwai a kan dutsen nan sai ruwa. Da damina ba laifi, akwai wani kwarmi da ke cika, a sha har bayan girbi. In ya ƙafe, sai mata su ɗauki tulu da gammo tun kafin rana ta fito, su sauka dutsen, su wuce ƙauyen da ke ƙasanmu wanda muke kira Gangare, su kai rafi, su tona yashi, su jira ruwa ya tsattsafo, sannan su hawo. Sawu biyu ke cinye rabin yini. Na taso na ga wuyan Inna ya ɗan karkace hagu, na ɗauka haka aka haife ta. Tsofaffin garin sukan ce wa amarya ranar da aka kawo ta, "Gidan miji da daɗi, ɗiya, sai dai ruwan yana ƙasa." A bayan dutsen ta arewa akwai wani kwari mai damshi inda gonakinmu suke, kusa ƙwarai, kowa ya san in aka haƙa za a sami ruwa, amma ƙasar na zubewa, sai da siminti, siminti kuwa sai gwamnati.

Ni ban yi wannan wahalar ba. Ina da shekara shida aka kawo ni riƙo wurin Gwaggo, ƙanwar babana, wadda mijinta masinja ne a wani ofis. A gidanta na san famfo, na san boko. Sau ɗaya a shekara nake zuwa gida. Mota ta sauke ni a kasuwa, a zo da jaki a ɗauke ni. To ni mutum ce mai kunya, tun ina ƙarama ba na iya haɗa ido da kowa. In na hau jakin nan kaina a ƙasa yake har mu isa, ko ina duba littafi ko ina kallon kunnuwansa. Da za a tambaye ni launin tsakuwar hanyar, da na faɗa daki-daki. Amma gabas muka yi ko yamma, ban taɓa sani ba. A makaranta kuwa ni ce ta ɗaya a darasin labarin ƙasa. Ina iya zana manyan kogunan duniya da ka.

Ina ajin ƙarshe soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Yaran yanzu sun saba da zaɓe, ba za su gane yadda garin ya rikice ba. Motoci masu lasifika suna zagaya unguwanni, tutoci a kan kowace bishiya, masu shayi sun rabu gida-gida, har wanzami sai ka san jam'iyyarsa kafin ka ba shi kanka. Wani ɗan takara ya je Gangare ya tsaya a bayan mota ya ce duk ƙauyen da ya zaɓe shi zai sami rijiyar siminti. Mutanenmu suka sauko suka jefa masa ƙuri'a, ya ci. Da aka je tuna masa, sai aka ce a kawo takarda a rubuce, da kwatancen inda ƙauyen yake, domin an duba babbar taswirar ma'aikata ba a gan shi ba.

Shi ya kawo Kaka da Baffa Katsina ranar Larabar nan. Kaka shi ne mahaifin babana, shi ne kuma mai unguwa. Baffa ƙanen babana ne, mutum mai zumuɗi. Suna gama cin abinci Baffa ya miƙe ya ce zai je Babbar Kasuwa sayen guga da igiya.

Gwaggo ta ce, "Kai, rijiyar da ba a haƙa ba?"

Ya ce, "In an haƙa ai tsada za su yi."

Ya fita. Da ya zauna, da labarin nan bai faru ba.

Na fito zaure da kayan aikina. Babbar farar takarda, rula, fensira masu launi, abin gogewa. Na shimfiɗa su a kan tabarma a jere. A raina na ƙudura wannan ce taswirar da za ta fi duk wadda na taɓa zanawa, domin wuyan Inna nake gani. Kaka yana ta yi mini wasan jika kamar kullum.

"Amarya, duk wannan kayan ɗakin naki ne? To ina tukunya?"

Ni aiki na zo yi, ba wasa ba. Na dubi agogo, na rubuta lokaci, na ja layi. Na gyara zama na ɗago na ce, "To, Malam, daga kasuwa zuwa garinku mil nawa ne?"

Ban san dalilin da ya sa na ce Malam ba, ban san dalilin da ya sa na ce garinku ba. Haka dai na ji ya dace da takardar.

Ya dube ni, ya dubi fensirin. Ya ce, "Ya danganta da jakin."

"A ce matsakaicin jaki."

"Ya ƙoshi ko da yunwa?"

Na ce ya ƙoshi. Ya ce in an tashi da hantsi a isa kafin azahar. Na yi lissafi a gefe na mai da shi mil. Na tambaye shi gabas ne ko yamma, ya ce da rani rana tana kunnen dama, da damina kuwa wa ke ganin rana. Sai ya gyara rawaninsa, ya ce, "Shin wagga takarda, wa zai karanta ta?"

Na ce, "Gwamnati."

Ya ce, "Uhm."

Daga nan maganarsa ta canja. Duk wasan ya tafi, kwatance ya riƙa fitowa sumul kamar mai biya hadda. In an baro kasuwa a miƙe har wata tsamiya mai kogo. A bar ta a hannun dama. A bi gefen rafi har a ga dutsen da ya tsage biyu. Kada a shiga tsakiya, a karkata hagu, a gangara. Za a ga kuka uku a jere, garin na nan bayansu. Bai yi inda-inda ba, bai koma baya ba. Na sa ya maimaita sau biyu, kalma ɗaya ba ta canja ba. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina ga mutumin da ya san ƙasarsa. Kalmar gangara ta ɗan tsaya mini, domin na san hawa muke yi, amma na ce wataƙila mota sai ta gangara kafin ta hau. Kunya kuma ba ta bar ni na yi wa tsoho gardama ba.

Kwana uku na yi a kan taswirar nan. Rafi shuɗi, duwatsu ruwan ƙasa da 'yan layuka masu nuna tsawo, tsamiya kore har da kogonta. Na sa kibiyar arewa, na sa ma'auni a ƙasa. Inda garin yake na yi jan tauraro na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

Gwaggo ce ta raka ni gidan ɗan majalisar a GRA, domin ta san in aka bar ni ni kaɗai zan tsaya a bakin ƙofa har magariba ban yi sallama ba. Gidan cike yake da masu neman aiki da masu neman taki da masu neman a gan su kawai. Ta ratsa su tana jan hannuna har gaban magatakarda.

"Malam, ga ɗiyata, ba ta magana, amma duba nan."

Ya warware takardar ya daɗe yana kallo. Ya kira na kusa da shi ya nuna masa. Ya ce tun da suka fara karɓar takardu ba a kawo musu irin wannan ba, wasu da gawayi suke zanowa, wani ma a bayan kwalin sukari. Ya ce ko makaho aka ba wannan zai kai kansa. Muka fito Gwaggo tana gaya wa duk wanda muka gamu da shi. Ni kuwa ranar nan ban ji ƙafata tana taɓa ƙasa ba.

Wata huɗu aka yi. Ran nan na dawo daga makaranta na iske Baffa zaune a tsakar gida, guga a gabansa, sabo ful, igiyar ko warwarewa ba a yi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa gaisuwar har ƙarshe, gida da gajiya da karatu, sannan ya ce, "An haƙa rijiya."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "A Gangare."

Ga yadda ya ba mu labarin. Wata safiya suka hango babbar mota daga kan dutse, ta ɗauko siminti da ma'aikata. Garin ya ɗauki guɗa. Suna kallo ta zo tsamiya ta bar ta a dama, ta bi rafi, ta zo dutse mai tsaga ta karkata hagu, ta gangara, ta tsaya bayan kuka uku. Suka ce ai na Gangare ne aka fara yi, namu na tafe. Mako biyu suna zaune a kan falale suna kallon aikin. Har Baffa ya sauka ya shiga lebura, wai ya koyi yadda ake yi kafin a zo namu. Yana cikin kwaɓa siminti sai ya ga babban ma'aikacin ya zaro wata takarda daga aljihu yana fifita da ita. Ya hango tsamiya kore da jan tauraro.

"Na ce mashi, ranka ya daɗe, wanga tauraro ai mu ne. Ya ce to ga mu a kanshi. Na ce a'a, mu muna sama. Ya ce shi takarda ya bi, kuma da suka iso ya tambayi mai unguwa ko nan ne, ya ce mashi nan ne, sannunku da zuwa, tun jiya muke jiranku."

Na shiga ɗaki na ɗauko takardar da na rubuta kwatancen a kai. Na karanta masa tun daga tsamiya. Ban kai kuka uku ba ya dafe kai. Gwaggo kuwa ta saki muciya ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye.

"Hanyar baƙi!" in ji ta. "Tsohon nan hanyar baƙi ya ba ki!"

Ranar na fara jin ƙauyenmu yana da hanya biyu. Kakanninmu ba don sha'awar iska suka hau dutse ba, gudun mahara suka yi. Da mahara suka ƙare sai masu haraji suka zo, da masu ƙidayar shanu, da masu neman mutanen aikin hanya, da masu lambar rigakafi, da masu ɗiban yara a kai boko. Don haka aka ajiye kwatance guda na musamman, kowane namiji yana haddace shi tun yana yaro. Duk wanda ya zo da wando da takarda ya tambayi garin, shi ake ba shi. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tsamiyar na nan, rafin na nan, sai dai ƙarshenta Gangare. Hanyar gida kuwa tun kafin tsamiya take ratsewa dama, ta zaga ta kwarin gonakinmu, mota ma na iya bi. Mutanen Gangare taubasanmu ne, shekara da shekaru suna karɓar baƙinmu. An ƙirga musu shanu sau biyu, an yi musu lamba sau biyu, an ɗebi 'ya'yansu a madadin namu. Kullum rantsuwa suke yi ba nan ba ne, baƙon ya dubi tsawon dutsen ya dubi rana, ya ce nan ɗin ma ya isa. Wannan karon ne kaɗai suka ga siminti suka ce nan ne. Ni ba wanda ya taɓa gaya mini, domin 'yar gida ba ta tambayar hanya, jaki ke kai ta.

Muka koma GRA ni da Gwaggo. Magatakarda ya buɗe littafi ya nuna mana sunan ƙauyenmu, an rubuta an gama. Gwaggo ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ya ce, "Hajiya, taswirar ba taku ba ce? Ko akwai kuskure a cikinta?" Ya juyo gare ni. Kuskure dai babu, abin da aka faɗa mini shi na zana. Ya ce to sai wani zagayen. Wani zagayen bai zo ba har soja suka dawo.

Da aka ba mu hutu na tafi gida. Wannan karon da na hau jaki na rufe littafi, na ɗaga kaina. Na ga inda hanya ta ratse dama a gindin wani gawo. Na ga kwarin gonakinmu kore shar tsakanin baƙaƙen duwatsu, na ga shirwa na shawagi a ƙasan inda muke, na ga rumbunanmu a can sama kamar kaji sun hau katanga. Ashe wurin kyakkyawa ne. Shekara goma sha wani abu ina wucewa ban sani ba.

Na shiga gida ina jiran faɗa, ba wanda ya yi mini. Inna ta ce rijiyar Gangare ai ta rage musu rabin tafiya, ruwan kuma garai-garai, sai dai baƙar magana da ake haɗawa da shi. Matan Gangare in sun ga namu sun iso sai su matsa gefe su ce, "Ku ba masu rijiya wuri." Ta faɗa tana dariya, tana murza wuyanta. Dariyar ta fi mini faɗa ciwo.

Tambaya ɗaya ce ke cina. Kaka ya san rijiya ce, shi ya taso takanas tun daga dutse har Katsina don ita. Me ya sa? Ranar farko na kai masa fura na tsaya ina murza gefen mayafi, ya ce Amarya ta rame, ko boko ba ya ƙosarwa, na fito ban tambaya ba. Rana ta biyu na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, ka san fa sabuwar gwamnati ta soke haraji da jangali."

Ya ce, "Na ji a rediyo. Shi wanda ya soke ɗin, ya ce maki ba ya mutuwa?"

Ya juya ya ci gaba da tufkar igiya.

A rana ta uku na lura da wani abu. Tun da aka gama rijiyar, kullum da sassafe Kaka da kansa yake ɗaura wa jakinsa tuluna huɗu ya sauka Gangare, ya kai wa gidan Inna biyu, ya kai wa wata tsohuwa marar kowa biyu. Mai unguwa guda, da furfurarsa. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya isa ya yi masa maganar. Na ɗauki gugan Baffa na bi shi.

A bakin rijiya muka iske mai unguwar Gangare, tsoho kamar shi, yana zaune a kan dakalin siminti kamar an naɗa shi sarauta.

"A'a, maraba da mai rijiya! An zo duba dukiya? Wannan ce ɗiyar nan mai zanen? Allah shi yi maki albarka, ɗiya. In za a raba asibiti ma ke za ki zana muna."

Kaka ya ce, "Sha dai, ɓarawo. Sunanmu ne a littafi."

"Ku riƙe littafin, mu mu riƙe ruwan. Shanun ubana da aka ƙirga sau biyu ne Allah ya biya."

Na ja ruwa na cika tulunan, kaina a ƙasa. Muka kamo hawa. Jakin na gaba yana nishi, Kaka na bin sa da sanda, ni ina baya. A tsakiyar hawan akwai wani falale da ake hutawa, daga nan ana ganin Gangare da kukokinta uku da farin bakin rijiyar. Ya zauna yana mai da numfashi. Na tsaya a bayansa, domin na gane in ba na ganin fuskarsa zan iya magana.

Na ce, "Kaka, na duba takardar nan ya fi sau ashirin. Ban ga inda na yi kuskure ba. Ka san rijiya ce. Don Allah me ya sa ka ba ni hanyar baƙi?"

Daga sama wata ta fara daka, dutsen can ya amsa mata. Na ɗauka yau ma ba zan sami amsa ba. Sai ya yi magana, bai juyo ba.

"Allah shi ne shaida, tun daga gida nike biya hanyar gida a zuciyata, har cikin mota. Gawo, dama, kwari. Ita na zo in ba ki. To sai kika hito kika jera kayanki, kika dubi agogo, kika rubuta, kika ja layi, kika ɗago kika ce mani Malam. Wallahi, Amarya, na duba na duba ban ga jikata ba. Gwamnati na gani zaune a kan tabarma."